Nasiha Ga Ɗana Da Zai Fara Koyar Da Dokar Kamfanoni

Ɗana, na samu labari jami'a ta ɗauke ka aiki, an kuma ɗora maka darasin dokar kamfanoni da ta kasuwanci. Allah Ya sanya alheri, Ya sa ka fi mu. Ka ce in faɗa maka abin da na gani a wannan hanya. To, ba zan ɓata maka lokaci a kan matakala ba, don kowa a tsangaya ya san ta. Za ka faro daga ƙaramin malami, ka yi digiri na biyu, ka yi na digirgir, ka hau babban malami. Daga nan sai a tattara rubuce-rubucenka a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i, waɗanda ba za a gaya maka sunayensu ba, su duba su ce ka isa ko da saura. In Allah Ya ba ka kujerar, tun 2012 doka ta yarda farfesa ya zauna har ya cika shekara 70. A tsakani akwai yajin aiki: na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas. Akwai albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Duk wannan mai haƙuri yana ƙetare shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Na ga waɗanda suka ƙetare, aka kira su farfesa, aka yi walima, amma har suka yi ritaya babu ɗan kasuwa ko ɗaya da ya amfana da iliminsu.

Darasinka na farko shi ne shari'ar Salomon, kamar yadda aka yi mana, muka yi muku. Aron Salomon mai sana'ar takalma ne a Landan. Ya mayar da sana'arsa kamfani, dokar lokacin kuwa tana son mutum bakwai, sai ya sa matarsa da 'ya'yansa biyar, kowa hannun jari ɗaya, shi ya riƙe 20,001 cikin 20,007. Kasuwa ta juya masa baya, kamfanin ya durƙushe, masu bin bashi suka ce ai kamfanin nan Salomon ne da kansa, ya biya daga aljihunsa. Kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani ta ce a'a. Kamfanin da aka yi wa rajista bisa ƙa'ida mutum ne mai cin gashin kansa a idon doka, dukiyarsa tasa ce, bashinsa nasa ne. An buga hukuncin a 1897. Ɗalibanka za su haddace wannan cikin mako guda, su zuba maka shi a jarrabawa, ka ba su maki, kowa ya ji daɗi.

Yanzu ɗauki wannan hukunci ka shiga da shi Kantin Kwari ko Dawanau, ka zauna a kan benci kusa da wani Alhaji, ka ce masa kamfaninsa ba shi ba ne. Zai dube ka da tausayi. Daga asusun kamfanin nan yake biyan kuɗin makarantar yara, daga nan ya biya wa Hajiya kujerar Makka, daga nan aka yi wa 'yarsa kayan ɗaki. In ka ƙara da cewa amfanin rajista shi ne in kasuwa ta karye masu bin bashi ba za su taɓa gidansa ba, a nan ne za ka rasa shi gaba ɗaya. Mutum ne da ya tashi yana ji ana cigiya a wurin jana'iza, wa ke bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. A wurinsa wanda ya ɓuya bayan takarda don kada ya biya haƙƙin mutane ya gama zubar da mutuncinsa, gobe ko yadi ɗaya ba mai ba shi bashi a kasuwa. Kuma yana da wata hujjar da ba ta cikin littafinka: duk ranar da ya je banki neman rance da sunan kamfani, sai sun sa shi ya tsaya wa bashin da kansa, sun kuma karɓi takardar gidansa jingina. To ina kariyar da kake faɗa?

Yawancinsu abin da ya kai su hukumar rajistar kamfanoni ta CAC bai wuce biyu ba: ko ana neman kwangila an ce sai da satifiket, ko banki ya ce ba zai buɗe asusu ba sai da shi. Da yawa ma sunan kasuwanci kawai suka yi wa rajista suna zaton kamfani ne, alhali rajistar suna ba ta raba mutum da kasuwancinsa ko kaɗan. Malamin da ba zai iya amsa wa Alhajin nan tambayarsa ba bai gama sanin darasin da yake koyarwa ba. Amsar kuwa tana nan, sai dai ba a wajen gudun bashi take ba. Tana wajen mutuwa.

Ka lura da kyau, sau nawa ka ga dukiyar attajirinmu ta kai jikoki tana aiki? Gidan Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ana ambatonsa ne saboda irinsa ba su da yawa. Abin da aka fi gani shi ne a yi sadakar arba'in, a zauna rabon gado, shekara biyu shago ya koma hannun wani. Na taɓa shiga tsakani a wata rigima irin wannan. Mamacin mai motocin dakon kaya ne, yana da sito-sito, ya bar mata uku da 'ya'ya masu yawa. Lokacin da ya yi rajista, tsohuwar doka ta 1990 ba ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani ba, sai lauyan da ya yi masa aikin ya cike gurbi da sunan ƙanensa, aka rubuta masa wani kaso na hannun jari, ba wanda ya ƙara tunawa. Da aka zo rabo, magada suka lissafa motoci da sito-sito a matsayin abin da mahaifinsu ya bari. Amma takardun motocin da na filayen duk sunan kamfani ne a jiki. A doka, abin da mamacin ya bari hannayen jari ne, ba motoci ba, ƙanen kuma ya fito da takarda ya ce ga nasa kason. Wani ɓangare ya nufi kotun Musulunci, wani ya nufi Babbar Kotun Tarayya, kuma kowa da gaskiyarsa: sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa gado da wasiyya da kyauta da wakafi a hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, sashe na 251 kuma ya keɓe wa kotun tarayya al'amuran da suka taso daga dokar kamfanoni. Kafin a gama jayayyar wace kotu ce ke da hurumi, tayoyin motocin sun nutse a ƙasa, direbobi sun watse, abokan ciniki sun koma wani gida.

Abin takaici, maganin yana cikin dokar da kake shirin koyarwa. Ba a raba tirela gida goma sha bakwai, amma ana raba hannun jari. Matan su ɗauki tumuninsu a hannun jari, 'ya'ya maza da mata kowa ya ɗauki rabon da shari'a ta yanka masa a hannun jari, motoci su ci gaba da tafiya, riba ta riƙa zagayowa. Wanda ya iya gudanarwa a naɗa shi ya gudanar a biya shi albashi, wanda yake son ya fita 'yan'uwa su sayi nasa bisa yarjejeniyar da aka rubuta tun mai gida yana raye. Sai dai dabarar da littattafan Ingila ke bayarwa, wato mutum ya yi wasiyya ya bar wa ɗansa mai hazaƙa kamfanin, ba ta aiki a nan, tunda wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Saura kyauta tun da rai, wadda a mazhabar Malikiyya sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya rasu, sai kuma wakafi. Yaya ake tabbatar da riƙon hannun jari, da shigar da suna a rajistar kamfani ko da miƙa satifiket? In magada suka haura 50, iyakar da doka ta sa wa kamfani mai zaman kansa, yaya za a yi? Waɗannan tambayoyi babu farfesan Landan da zai amsa mana su, don ba damuwarsa ba ce. In kana neman abin da za ka yi digirin digirgir a kai, ga shi nan a ƙofar gidanku. Kada ka bari a ja ka ka rubuta kundi na ɗari a kan abin da wani ya riga ya rubuta a kan kamfanonin Amurka.

Don haka nake ba ka shawara ka koma zaure. Nemi malamin da ya ƙware a babin ciniki, ka durƙusa ka karanta kiradi da tarayya a cikin Risala da Mukhtasar, ka leƙa babin kiradi na Muwaɗɗa. Za ka tarar mutum ya ba da jari, wani ya ba da ƙarfinsa, riba a raba bisa kason da aka amince, asara ta hau kan mai jari sai in mai juyawa ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi. Wannan shi ne abin da ubangida da yaronsa suke yi a kasuwanninmu tun zamanin fatake, kuma ya yi kusa ƙwarai da nau'in tarayyar da dokar kamfanoni ta 2020 ta shigo da shi ƙasa baki ɗaya, inda wani abokin tarayya ke zuba kuɗi kawai ba ya sa hannu a gudanarwa. In ka zo wa ɗan kasuwa ta wannan ƙofa, zai saurare ka. In ya ce rubutu alamar rashin yarda ce, tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Ga shi kuma wannan fanni ya buɗe: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gyaran hanyoyi, wasu bankunan sun biyo baya. Lauyan da ya haɗa fiƙihu da dokar kasuwar hannun jari ana nemansa ruwa a jallo. Ka kuma sani, ɗan kasuwar da ya tsallaka Jibiya ya shiga Maraɗi ya shiga wata doka daban, ta OHADA, wadda ta faro daga yarjejeniyar 1993, ƙasashe 17 kuma suka yi tarayya a kanta, har da Nijar da Chadi da Kamaru, babbar kotunta kuma tana Abijan. Ɗan Faransanci kaɗan ba zai cuce ka ba.

In kana son wanda za ka yi koyi da shi a wannan aiki, duba rayuwar Gower, wanda littafinsa na 1954 har yau bugunsa na baya-bayan nan yana kan kantocinmu. Lauya ne da ya san aikin ofis kafin ya zama farfesa a Landan. Da Ghana ta samu 'yanci, sai ta gayyace shi ya duba mata dokar kamfanoni. Da ya so, da ya kwafo ta Ingila ya sauya suna ya karɓi kuɗinsa. Bai yi haka ba. Ya zauna ya tsara sabuwa, ya tattaro ƙa'idojin da ke warwatse a hukunce-hukuncen kotu ya zuba su cikin dokar a fili, ya yar da abin da ya ga bai da amfani, ya miƙa rahoto a 1961, aka kafa doka a 1963, kuma ita Ghana ta yi ta amfani da ita har 2019. Ya zo Legas a 1962, ya shugabanci tsangayar shari'a ta jami'ar can har 1965. Da ya tsufa ma ƙasarsa ba ta bar shi ba, rahotonsa na 1984 a kan kare masu zuba jari shi ya haifi dokarsu ta 1986. Mu kuwa a 1968 kusan kwafin dokar Ingila ta 1948 muka yi. Sai da Hukumar Gyaran Dokoki a ƙarƙashin Dokta Olakunle Orojo ta zauna ta yi aiki sannan muka samu dokar 1990, wadda ta kafa CAC. Kaɗan ne cikinmu za a kira su rubuta wa ƙasa doka. Amma majalisa tana zaman jin ra'ayin jama'a, hukumomi suna fitar da daftari su nemi gyara, kuma sau da yawa kujerun malaman jami'a a wurin babu kowa. Ka rubuta ka aika, ko ba a gayyace ka ba.

Dokar da ke aiki yanzu Shugaba Buhari ya sa mata hannu ranar 7 ga Agusta 2020, tana da sashe 870. Mutum ɗaya yana iya kafa kamfani mai zaman kansa, ka ga ba sauran dalilin aron sunan ƙane. Mafi ƙarancin jarin da za a fitar ya koma naira 100,000 ga kamfani mai zaman kansa, miliyan 2 ga na jama'a. An sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni wajen naɗa sakatare da mai binciken kuɗi. An tilasta bayyana wanda ke juya kamfani ta bayan fage. An kawo hanyoyin ceto kamfanin da bashi ya shaƙe kafin a kai ga rushe shi, abin da duk wanda ya san yadda masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai suka mutu zai gane darajarsa. A 2023 kuma an sake taɓa wasu sassan. Na faɗi wannan ne don har gobe akwai masu shiga aji da takardun da suka yi launin ƙasa, suna karanta wa yara lambobin sassan da aka soke. Ɗalibi yakan je makarantar horon lauyoyi, Bagauda ko Bwari, can ya gano malaminsa ya yi shekaru bai buɗe doka ba. Ba ya mantawa.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ta fi kayar da mutanenmu. Fanninka ba kamar na mai koyar da tarihin shari'a ba ne, inda kuɗi suke nan kake. Tun 1992 aka fitar da oda da ta keɓe malaman shari'a daga hanin yin aikin lauya a gefe, ko da yake har yanzu ana jayayya a kan yadda ta dace da tsarin mulki. Ni ina ganin ka yi, don wanda bai taɓa tsara yarjejeniya ko zama a taron masu hannun jari ba, abin da zai koyar ji ne kawai. Amma ranar da sunanka ya fara nauyi, za a zo maka da buƙatu iri biyu. Na farko, a ce ka rubuta fatawar doka. Mai zuwa ya riga ya san amsar da yake so, ba iliminka ya zo saye ba, sa hannunka yake so ya nuna wa hukuma ko kotu. In gaskiya tana wajensa, rubuta. In ba ta wajensa, gaya masa a fili, ka karɓi ladan gaya masan in ya bayar. Lauya a gaban alƙali an san wakili ne, yana kare wanda ya ɗauke shi. Farfesa in ya sa hannu, mutane suna ɗauka doka ce ta yi magana. Ranar da aka gane ana sayen fatawarka, ta gaskiyar ma ba mai ƙara karantawa.

Na biyu, a ba ka kujerar darakta. Akwai alawus na zama, akwai tafiye-tafiye, akwai girma. Kafin ka amsa, tuna 14 ga Agusta 2009, ranar da Sanusi Lamiɗo Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba wa bankunan naira biliyan 420, kafin shekara ta ƙare kuɗin ceton ya kai biliyan 620. Babu ɗaya cikin bankunan nan da ba shi da kwamitin daraktoci, da sakataren kamfani, da masu binciken kuɗi na waje. Ana ba da rance maras jingina, ana zuba kuɗin ajiyar talakawa a cacar hannun jari, mutane masu digiri da rawani suna zaune ana karanta musu rahoto suna gyaɗa kai. Dokar 2020 ta hana mutum ɗaya zama darakta a kamfanonin jama'a fiye da biyar, ta kuma hana shi haɗa shugabancin kwamiti da na gudanarwa a kamfanin jama'a, amma babu sashen da zai buɗe wa matsoraci baki. In ka karɓi kujera, ka nemi takardun taro tun da wuri, ka karanta lissafin da kanka, in ba ka iya karanta shi ba ka je sashen akanta na jami'arku ka koya, ba abin kunya ba ne. In ka ƙi amincewa da abu, ka tabbatar an rubuta a bayanin taro. In ka ga an kawo ka ne don ado, ajiye musu kujerarsu. Kuma kada ka rubuta muƙala kana yabon tsarin wani kamfani alhali kana cin albashinsa ba ka faɗa ba.

Game da rubutun neman ƙarin girma, za ka ji ana raɗe-raɗin mujallun da ake biya su buga komai cikin mako biyu. Masu duba takardu sun san su. Muƙala ɗaya da alƙali zai kafa hujja da ita ta fi tarin irin waɗancan. Kada ka sayar wa ɗalibai takardun darasi dole, kada ka riƙe kundin ɗalibi wata da watanni saboda kana Abuja wurin taro, kada ka sa sunanka a aikin da yaro ya yi shi kaɗai. Yaran nan su ne alƙalai da sakatarorin kamfanoni da ma'aikatan hukumomin gobe, a gabansu za ka tsaya wata rana. In hali ya yi, ka rubuta ɗan ƙaramin littafi da Hausa a kan rajista da hannun jari da gadon kamfani, ka kuma karɓi gayyatar gidan rediyo. Kwamitin ƙarin girma ba zai ba ka maki mai yawa a kansa ba, na sani. Ka yi duk da haka.

Kafin a koma karatu, ina roƙonka abu uku. Karanta dokar 2020 daga sashe na 1 zuwa na 870 da alƙalami a hannu. Nemi wani ɗan'uwa mai ƙaramar sana'a ka yi masa rajista da hannunka, ka bi shi har ya shigar da rahoton shekara, don ka ga inda ake tuntuɓe. Sannan ka je ka gaida shugabannin wata kasuwa, ka roƙe su su ba ka mutum ɗaya da zai zo ajinka ya gaya wa ɗalibai yadda ake ba da kaya bashi da yadda ake sallamar yaron shago.